Surukina da Motar Rowa

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, babba da yaro. Surukina, mahaifin matata, wanda duk muke kira Baba, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a asibiti, bayan jinyar da ba ta kai wata guda ba. Aka yi masa sutura washegari bayan azahar. Kwana uku gidansa na Takoma Park, a nan Amurka, bai rabu da jama'a ba. Maza suna ɗakin ƙasa a kan dardumai, mata suna falo wajen Hajiya, takalma kuwa sun cika baranda har sun gangaro matakala.

Abin da na lura da shi, duk wanda ya zauna ya yi addu'a ya shafa, ba ya daɗewa sai ya kawo zancen mota. Wani likita ɗan Zariya ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. To wai motar rowar nan ta tashi kuwa?" Aka yi dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki a kuma ji kunyarta. Babban aminin Baba, wani dattijo mutumin Maraɗi da suka yi aiki tare a gidan rediyo, ya goge ido da bakin rawani ya ce da Hausarsu mai ɗigon Faransanci, "Ta tashi mana, da kunnena na jiya. Bon, tafiya ce dai ba ta yi ba."

Ana cikin haka sai ga wani tsohon Bature dogo, ya tsufa har ya ranƙwafa, ya sauko matakala riƙe da takalmansa a hannu. Tun daga garin Manassas ya tuƙo kansa. Ya matso kusa da ni ya ce da Turanci bai san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba. Na koya masa. Sai ya bi sahu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu yana cewa "ya haƙuri", mutane suna amsawa suna kallon juna. Da ya gama ya roƙi a buɗe masa gareji. Ya shiga shi kaɗai, ya daɗe bai fito ba.

Likitan nan ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai kam rashi biyu ka yi, suruki da aboki. Kowa ya san kai ne ɗan gaban goshinsa." Na sunkuyar da kai. Akasarin masu zaman ba su san Baba ya yi fiye da shekara uku kusan ba ya ce mini komai bayan amsa gaisuwa ba. Ya ba ni amana na faɗa, ya kira ni maci amana a gaban matata da mahaifiyarta, kuma tun daga ranar babu abin da nake nema a duniya kamar in ji ya ce ya yafe mini. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina so jikokinsa, waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, su san ko wane ne kakansu, har da abin da ya shiga tsakanina da shi.

Baba gajere ne, mai faɗin ƙirji, mai saurin fushi da jinkirin hucewa. Aikinsa a gidan rediyo kula da na'urorin sauti ne, kuma aikin ya bi shi har gida. Ana tsakar hira sai ya ɗaga yatsa a yi tsit, ya karkata kai ya ce, "Hajiya, firjin nan ya kusa mutuwa." Bayan mako biyu firji ya mutu. A masallaci in lasifika ta fara fito, ba ya iya zama. Sai ya tsallake sahu uku ya je ya murɗa wani abu, liman na huɗuba yana hararsa. Maganarsa kullum ita ce, "Ido yana yaudara, kunne ba ya yi." Shayinsa citta ta fi ruwa yawa, kuma in ka ƙi sha ka yi laifi. Bai haifi namiji ba, 'ya'yansa uku duk mata, matata ce ta fari, don haka ban taɓa jin ya kama sunanta ba. Ni kuwa "Malam" yake ce mini, ba don na san komai ba sai don kada ya faɗi nawa sunan.

Asalin zancen motar tun yana saurayi ne a Kaduna. Wani malamin makaranta ɗan Ingila zai koma gida, ya sayar masa da 'yar motarsa: koriya, kujera biyu tak, rufin tamfol da ake naɗewa, tayoyi masu wayoyi irin na keke. Sitiyarinta a dama yake, domin lokacin Najeriya ba ta sauya hannun tuƙi ba. Baba ya wanke ta tas, ya tuƙa har Funtuwa don ya nuna wa mahaifiyarsa. Tsohuwa ta zagaya motar sau biyu ta ce, "To ina zan zauna, ina gwaggonka za ta zauna, ina za a sa buhun dawa? Wannan ai motar rowa ce. Mai dangi ba ya hawa irin wannan." Ta ce ya sayar kafin a ɗaura masa aure. Ya sayar ya sayi akori-kura. Matsalar ita ce ya riga ya yi wa Hajiya alkawari, tun tana budurwa, cewa a wannan motar zai fara zagayawa da ita gari. In ya ba da labarin, Hajiya takan ce daga kicin, "Ni dai hoto kawai aka nuna mini."

Da ya yi ritaya a farkon shekarun dubu biyu, sai ya ce zai nemo irinta, tsohuwa wadda ta lalace, ya gyara da hannunsa. 'Yan uwanmu Hausawa na nan suka samu abin zolaya. Sunan da tsohuwa ta raɗa ya tsallako teku ya sake kama ta. Irin waɗannan motoci ba wuyar samu suke yi a Amurka ba, akwai su a rumbunan manoma da garejin tsofaffi, tsatsa na ci. Amma duk waɗanda aka ƙero don kasuwar nan sitiyarinsu a hagu yake. Baba ya ce shi a dama ya bar tasa, a dama zai same ta. Aka ce masa ana iya juyawa. Ya ce, "Wanda ya rasa akuyarsa ba ya sayen tunkiya ya yi mata gemu."

Lokacin ni sabon suruki ne. Ina gadi a wani sito a Laurel, ina kuma karatun haɗa magunguna, kuma na san ba ni Baba ya so wa 'yarsa ba. Shi ba ya son doguwar hanya, sai matata ta ce ai ga ni, ranar Asabar ba na aiki. Ba ta tambaye ni ba. Haka na zama direban mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi, ni da ban san filogi ba ko a mafarki.

Shekaru muka yi muna wannan yawo. Baba ba ya yarda da abin da aka rubuta a talla, don masu sayarwa sukan manta su faɗi gefen sitiyari, sai an je an gani. Mun shiga ƙauyukan Maryland da Virginia, mun leƙa Pennsylvania. Wahalar tafiyar ba nisa ba ce, abinci ne. Suruki ba ya ci a gaban surukinsa. Hajiya takan ɗaure mana dambun nama da burodi ƙunshi biyu, in mun tsaya gidan mai shi ya ci a mota, ni in zagaya bayan gini in ci a tsaye kamar ɓarawo. Wata rana wani manomi ya nace sai mun ɗana motarsa mu biyu. Na rasa yadda zan ce a'a. Muka matsu a ciki, kafaɗa na gugar kafaɗa, gwiwata na taɓa hannunsa duk lokacin da ya sa giya. Gumi ya wanke ni. Ba mu yi nisa ba iska ta fizge hularsa ta jefa gonar masara, ni na sauka na bi ta da gudu. Da na dawo na tarar yana dariya har da tari. Ya ce, "Tsohuwa ta yi gaskiya, Malam. Motar nan ba ta san dangi ba, ba ta kuma san kunya ba."

Ko da ya ga sitiyari a hagu, ba ya juyawa nan take. Sai ya duba motar tsaf, wai ladabi ne ga mai ita. Yana da maganaɗisu a naɗe cikin hankici, ya bi jikin mota da shi. Inda ya kama ƙarfe ne, inda ya ƙi kamawa an cike ramin tsatsa an shafe da fenti. Ya shinshina baƙin mai. Sannan ya ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Masu motoci sukan fara da murmushi, su ƙare suna tambayarsa abin da ya ji.

Akwai wata tsohuwa da muka je wa, mijinta ya rasu ya bar mata motarsa. Tun daga bakin ƙofa muka ga ba irin wadda muke nema ba ce. Amma ta ce mana injin bai sake tashi ba tun ranar da aka kai mai gidan asibiti, kuma ba abin da take so kamar ta sake jin ƙararsa kafin a ɗauke motar. Baba ya cire babbar riga ya miƙo mini. Tun azahar yake fama har rana ta yi sanyi, ni ina miƙo abin da ban san sunansa ba. Da injin ya kama, matar ta zauna a kan matakala ta rufe fuska. Ta kawo abin hasafi ya ƙi karɓa. A hanya ya ce mini, "Kada ka faɗa wa Hajiya, za ta ce na ɓata riga a banza." Ranar na fara son mutumin nan, ba girmamawa kawai ba.

Ban san ranar da na fara lura da idonsa ba. Wani mai mota ya miƙo masa hannu daga gefe, Baba bai gani ba, mutumin ya tsaya da hannu a sama. Sai kuma na ga in zai dubi abu sai ya juya kansa gaba ɗaya. Rannan na buɗe aljihun motarsa neman takarda na ga 'yar kwalbar maganin ɗigawa. Karatuna ke nan, na san ta. Maganin hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe har mutum ya koma kamar mai leƙe ta kafar kara. Ya ga na gani. Muka tsaya la'asar a kan ciyawa a gefen hanya, muka sallame.

Ya ce, "Malam, ka ga abin da ka gani. Hajiya ba ta sani ba, matarka ba ta sani ba. In suka sani makulli za su ƙwace, su ajiye ni a falo kamar tulu. Ka bar ni in sami motar nan, in gyara, in zagaya da Hajiya sau ɗaya. Ranar ni da hannuna zan miƙa makullin. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amana na ba ka."

Na ce, "Na karɓa, Baba." Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Mutumin da bai so ni ba ya ba ni abin da bai ba matarsa ba.

Na riƙe fiye da shekara. Amma Baba bai daina tuƙi a cikin gari ba, kuma duk Lahadi shi ke kai 'ya'yana mata biyu Islamiyya, ba ya yarda kowa ya karɓe masa wannan. Wata Lahadi muna cin abinci babbar ta ba da labari da Turancinta, tana dariya, wai Kaka ya kusa buge wata mata mai tura keken jariri, matar ta yi ihu, Kaka ya ce daga ina ta ɓullo. Na ture kwanon abincin. Washegari na same shi na ce, "Baba, ku bar mini kai yaran nan, ku kuma rage tuƙi." Ya ce, "Shekara nawa ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba." Na sake roƙo ya ɗaga mini hannu. Na yi kwana biyar gaba kura baya sayaki, kafin Lahadi ta zagayo na faɗa wa matata.

A falonsa aka yi ta. Matata na kuka, Hajiya ta riƙe baki. Baba bai dube su ba, ni ya juyo wa da kansa gaba ɗaya. Ya ce, "Malam, na ba ka ajiya ka kai kasuwa. Ka ci amanata." Nan ne na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na ɗaga wa surukina murya. Na ce, "Baba, 'ya'yana ma amana ce! Matar nan mai jariri ita ma 'yar wani ce!" Hajiya ta ɗauki salati. Baba ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur a hankali. Ya ce, "Daga yau tsakanina da kai gaisuwa." A cikin watan likitan ido ya tabbatar ba shi ba tuƙi, Baba ya mayar da lasisinsa.

Har gobe ina cewa daidai na yi da na faɗa, kuma da za a mayar da ni ranar zan sake faɗa. Abin da nake nadama muryar da na ɗaga ce. Na kuma ji haushinsa ƙwarai, don shi ya ɗora mini kayan da ba su ɗaukuwa sannan ya yi fushi da na sauke. Amma haushi bai hana kalmar nan ta zauna mini a ƙirji ba. In na tsaya salla sai in ji ta.

Wata huɗu da wannan sai wayata ta yi ƙara. Lambata ce a kan 'yan takardun da muka riƙa mannawa a wuraren taron masu tsofaffin motoci. Baturen nan ne na Manassas. Tsohon soja ne da ya yi aiki a Ingila yana matashi, ya auro mata can, ya taho da ita da motarsu a jirgin ruwa. Matar ta rasu, motar na lulluɓe tun shekaru, ɓeraye sun yi gida a kujera. Na tafi ni kaɗai. Ya yaye tamfol, na leƙa, ga sitiyari a dama. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Shekara da shekaru muna nema, sai da na raba mutumin da makulli sannan ta fito.

Na faɗa wa matata, ta faɗa wa Hajiya, Hajiya ta faɗa masa.  A kwana na uku ya kira amininsa mutumin Maraɗi ya kai shi. Ba a yi mako ba janwe ya sauke ta a ƙofar gareji.

Baturen bai iya rabuwa da motar ba, shi ma ba shi da kowa a gida. Sai ya riƙa zuwa duk Asabar, ya zama idon Baba. Shi yake karanta littafin gyara da ƙarfi, Baba yana lalube da yatsu yana cewa ba haka ba ne. Su yi musu, su sha shayin citta, Bature na hawaye yana cewa da daɗi. Ni kuwa in na kawo yara sai in tsaya a bakin gareji in durƙusa. "Baba, barkanku da aiki." "Barka kadai." Shi ke nan. Kishi na ji, ba na musu, Asabar ɗina ce aka ba wani. Duk kayan gyaran da ake aikowa daga Ingila ni nake nemowa, matata ta kai a ce ita ce. Baba ya san 'yarsa ba ta san ko inda ake zuba ruwan mota ba, amma bai taɓa tambaya ba.

Na kama ƙafa da amininsa ya ba shi haƙuri. Ya dawo ya ce mini, "Na yi mishi magana. Ya ce ya jiya." Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?" Ya ce, "Bon, ka san Elhaji. Ka yi ta hanƙuri, ɗana."

Shekara biyu suka yi a kanta. Fenti bai samu ba, ƙofa ɗaya ja ce ɗaya toka, amma wata Asabar da ganye ya fara zuba injin ya kama. Da farko tari yake yi. Baba ya manna sukundireba a kunne yana murɗa wani abu kaɗan kaɗan har ƙarar ta daidaita. Aka turo ta waje. Ya shiga gida ya sa babbar riga, ya lalubo ƙofar dama ya zauna, ya ce a kira Hajiya. Ta fito tana dafa gwiwa ta ce, "Wannan ce ake yi mini alkawari tun ina da haƙora? Ai wannan kwano ne." Da ƙyar aka zaunar da ita. Suka zauna su biyu, inji na aiki, shi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ita ta damƙe mayafi a wuya kamar iska na kaɗa ta. Baturen ya ce bari ya zagaya da Hajiya layin. Aka fassara mata, ta ce, "A ce masa na gode. Wanda ya yi alkawarin shi nake jira." Sun kai rubu'in awa a haka ba su je ko'ina ba. Ina tsaye can jikin motata, na san kowa a wurin ya san dalilin da ya sa ba za ta motsa ba.

Da za mu tafi na tayar da tawa motar. Baba bai juyo ba, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, fambel ɗin injinka na kuka. A canza kafin sanyi." Wannan ce magana ta farko da ya yi mini tun ranar falo. Na canza fambel washegari. Na riƙa juya maganar a raina wata da watanni, ina neman yafiya a cikinta, amma dai zancen fambel ne.

Bayan shekara guda zuciyarsa ta fara ba shi wahala, aka kwantar da shi. Kullum ina zuwa, kullum na shirya abin da zan ce, kullum ɗakin cike da masu dubiya, kunya ta ɗaure mini harshe. Ranar Litinin da yamma na same shi shi kaɗai, amma barci yake yi. Na durƙusa a gefen gado na ce, "Baba, ku yafe mini." Bai motsa ba. Washegari da hantsi ya cika. Na zauna a barandar asibiti na ce wa kaina shi ke nan, ya tafi da ita.

Da muka koma gida, matata ta ce Hajiya na kirana. A duk shekarun aurena Hajiya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ba gaisuwa ba. Na same ta a ƙofar kicin, ta ba ni gefe, mayafi ya rufe rabin fuska.

Ta ce, "Malam, ya bar sallahu. Ya ce kai za ka yi masa wanka."

Na ce, "Hajiya, ni? Ni suruki ne. Ga liman, ga amininsa, ga ƙanensa yana hanya."

Ta ce, "Haka na ce masa. Ya ce wanka ba mai jin kunyarsa ake ba wa ba, mai tsoron Allah ake ba wa. Ya ce, yaron nan ya ji tsoron Allah fiye da yadda ya ji tsorona, shi nake so."

Na dafa bango. Na ce, "Yaushe ya faɗi haka?"

"Tun bara. Ranar da motar nan ta tashi."

"To me ya hana shi faɗa mini?"

Ta ce, "Kai ma ka san halin mutuminka." Ta miƙo mini jaka. Likkafani ne da ya sayo a Makka, da garin magarya da ya taho da shi zuwansa gida na ƙarshe.

Kuka na yi kamar yaro, a gaban surukata. Kuma wallahi har a cikin kukan haushinsa nake ji. Shekara guda cur ya bar ni ina durƙuso a bakin gareji, alhali ya riga ya yanke. Wannan shi ne Baba, kuma ban san wanda zai sake yi mini irin haka in ƙara sonsa ba.

Washegari da safe muka shiga ɗakin wanka na masallaci, ni da amininsa. Shi yake zuba ruwa, ni nake wankewa, muka fara da dama yadda aka koyar. Abu ɗaya zan faɗa, don ba asiri ba ne: baƙin mai a ƙarƙashin farcensa ya ƙi fita, kusan wata guda a gadon asibiti bai goge shi ba. Na yi ta bi da tsinke a hankali har dattijon ya ce, "Bar shi haka, ɗana, ya isa." Sauran abin da na gani na bar shi a ɗakin. Da muka dawo daga maƙabarta matata ta ja ni gefe ta ce, "Yaya ka same shi?" Na ce, "Lafiya lau." Ta jira in ƙara, ban ƙara ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya mayar masa da ganinsa a inda ciwo ba ya zuwa. Ya ba Hajiya haƙurin zama ba shi. Wanda duk ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni ma, Baba, na yafe.